Jan Ƙarfen Calama

Babana Evaristo ya shekara ashirin da bakwai
yana tuƙa motar da tayarta ta fi rufin gidanmu tsayi.
Da asuba ya gangara rami, da almuru ya hauro,
ramin da in ka tsaya a bakinsa
mutumin da ke ƙasa bai kai tururuwa ba.

A nan Calama ruwan sama baƙo ne,
na yi wayo kafin ya taɓa jiƙa min fuska.
Abin da sama ta hana, ƙasa ce ta ɓoye:
dutse mai tsanwa-tsanwa,
a fasa, a niƙa, a wanke, a narka,
sai ga jan ƙarfe falle-falle
ana loda wa jirgin ƙasa zuwa Antofagasta.

Daga can teku ta karɓa.
Sin ta saya, Japan ta saya, Koriya ma ta miƙo hannu.
Mu da muka haƙa, ba mu ne ke yanke farashi ba.
Wasu ne a Landan, cikin ɗaki mai sanyi,
waɗanda ƙurar nan ba ta san hancinsu ba.
In suka ɗaga, innata Eduvigis ta sa nama a tukunya.
In suka sauke, sai wake,
sai Baba ya kashe rediyo labarai ba su ƙare ba.

Shekarar da farashi ya faɗi warwas
takarda ɗaya ta sallami Kawu Fermín.
Ya gangara kudu tsinkar inabi,
ashe inabin ma jirgin ruwa yake jira.
Baba ya ce, gari mai rijiya ɗaya
kullum da fargaba yake zura guga.

Yanzu ni ce a tashar jiragen ruwa,
ina rubuta nauyin abin da ya fita
da nauyin abin da ya shigo.
Lissafin yana daidaita a takarda.

Jiya fankar Baba ta tsaya.
Na kwance bayanta, na tarar da waya ja
siririya kamar gashi, an naɗe ta tsaf,
ga rubutun Sin a gefe.

Na kai masa. Ya yi tari, ya juya ta a tafin hannu,
ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Ai wannan 'yar gida ce.
Ta je yawon duniya, ta dawo da tsada,
ko sannu babu."