Bakwai a Gaba, Biyar a Baya

Kwali ya iso daga Katsina ta Ɗan Isa,
ƙarafa huɗu murɗaɗɗu, jajaye kamar tattasai.
Can sifirin suke cewa, mu nan resor.
Sunan bai dame ni ba, lambar nake kallo:
sha biyu a gaba, goma a baya,
kilo sha biyu kafin ƙarfe ya rusuna milimita ɗaya.

Bara'u ya juya guda a hannu, ya ƙwanƙwasa da sifana.
Ya ce, "Na filin tsere ne, Ilu.
Ina ka ga filin tsere tsakanin Bagalam da Tibiri?"
Na ce motata ce, guminta nawa ne.
Bai ƙara ba, ya kwanta ƙarƙashinta.

Ya murɗa zobe, ta sauka,
ya ƙara murɗawa, ta durƙusa,
har yatsa biyu ba sa shiga saman taya.
Da magariba na kai ta shataletale,
na karya kan, ba ta karkata ba ko kaɗan,
sai ka ce ɗinke ta aka yi da kwalta.
'Yan kabu-kabu suka bi ni da fito.
Kwana uku ina jin kaina.

Ranar Laraba Baba ya ce Madarunfa za shi,
an yi rasuwa gidan abokin tasowarsa.
Ya shiga da bisimilla, ya aje sanda tsakanin gwiwoyi.
Ramin farko, hularsa ta taɓa rufi.
Na biyu, carbi ya suɓuce ƙarƙashin kujera.
Inda burji ya yi kunya-kunya
tayoyin baya suka daina riƙon ƙasa,
suna tsalle kamar ɗan akuya a ɗaure.
Bai ce komai ba.
Numfashi kawai yake tsayarwa kafin kowane tudu,
ni kuma ina ƙirgawa.
Arba'in da ɗaya.

Da muka isa, mutum biyu suka kama shi ya fito,
masu makoki na yi masa sannu
kamar shi aka zo dubawa.

Washegari ban ko gaisa ba.
Bara'u ya aro sikelin masu awon aya,
muka hau da ita taya ɗaya-ɗaya bisa katako,
yana rubutu da alli a ƙofar gareji.
Gaba ya rinjayi baya, injin na can.
Ya ce in zauna ciki. Lamba ta canza.
Ya kira yaronsa Nomau ya zauna gefe. Ta sake canzawa.
Ya ce, "Wa kake ɗauka? Ina kake bi?
Nan ake farawa, ba daga kwali ba."

Na ce to mu koma huɗu da uku, laushi kamar katifa.
Ya yi dariya har da tari.
"A wannan tsayin? Cikinta zai sumbaci kowane dutse,
shokozoba ta ƙare tafiya, ƙarfe ya daki ƙarfe.
Tuwo in ya yi tauri a sha wuya, in ya yi ruwa ya zama kunu."

Bakwai da biyar muka tsaya,
ya ɗaga ta yatsa ɗaya da rabi,
ya sassauta maɓallin shokozoba ƙyas huɗu.
Ya ɗora kwanon ruwa a kujerar gaba
ya ce in je Sura Bildi in dawo.
Ya zube, amma kaɗan.

Yanzu a shataletale tana ɗan sunkuyawa,
kamar mai gaida na gaba da shi.
Ba mai yi mini fito.
Jajayen na rataye da ƙusa a bangon gareji,
wani lokaci ina tsayawa in shafa ƙurarsu,
ba zan yi ƙarya ba, ina kewar kwanar nan.

Addu'ar arba'in ta zo.
Baba ya daɗe yana duban motar kafin ya shiga.
Kafin mu fita gari
barci ya kwashe shi, carbi a hannu.