Tambaya ta Bakwai

A fom ɗin da ake ba mu a asibitin koyarwa
tambaya ta bakwai gajeriya ce:
kana shan taba? Kara nawa a yini?
Shekara biyu ina tsallake ta
yadda ake tsallake kwata a Aboabo bayan ruwa,
ka ɗage wando, ka kau da kai.

Ba ni kaɗai ba ne. Mu tara ne masu ja a ajinmu,
har da Kwabena da ya fi kowa maki.
Bayan ɗakin janareto muke haɗuwa,
mu rataye farar riga a reshen mangwaro
kada ta kwashi wari ta tona mana asiri.
Kwabena ya ce, mu haƙori aka turo mu gyarawa,
wa'azi na liman ne.
Muka yi dariya, hayaƙi na fita ta hanci.
Kanumfari biyu a baki, takunkumi a fuska,
mu koma muna ce wa mutane, buɗe, ƙara buɗewa.

Ran Talata aka ba ni Baba Sallau,
direban da ya shekara talatin da huɗu
yana jigilar goro daga Kumasi zuwa arewa.
Ya zauna a kujerar kamar wanda aka ɗora a motar wani.
Na sa madubi.
Dasashi ya janye kamar bakin rafi da rani,
turame uku suna lilo,
can gefen harshe kuma wani farin tabo
da na goga da auduga ya ƙi tashi.
Na san sunansa a littafi, na ci jarrabawa a kansa.
Ban taɓa ganin sa a bakin da ke gaishe ni ba.

Dokta Asantewaa tana tsaye a bayana.
Ta ɗora yatsa kan ta bakwai, ta ce,
faɗa masa da harshenku, zai fi shiga.

Na ce, Baba, taba fa?
Ya ce, tun ina yaron mota.
Na zazzage masa abin da na haddace,
huhu, jini, sankara, jikoki,
yana kallon fanka yana gyaɗa kai.
Da na tuɓe safar hannu zan kwance masa ƙyallen wuya
sai ya kama hannuna ya juya shi,
ya tsaya kan rawayar da ke tsakanin yatsu biyu.
Ya rage murya don kada Dokta ta ji:
Ɗana, hancin direba ne wannan,
ina jin warin birki tun kafin ya kama wuta.
Ashe har a nan wanzami ba ya son jarfa.

Da ƙasa ta tsage da na shige.

Ya laluba aljihu ya fito da kwalin ashana,
ya ajiye cikin tire, kusa da ƙarafuna masu tsarki.
Riƙe mini zuwa ranar sakamako, in ji shi.
In na dawo ka duba bakina,
ni kuma in duba hannunka.

A torotoro zuwa Asawase na buɗe kwalin na ƙirga.
Goma sha ɗaya.
Mai kifi a gefena tana kallona
kamar mai ƙirga kuɗin da ba su isa ba.

Sakamakon naman da aka yanka sai Alhamis ta sama.
Yau Asabar.
Ba zan yi ƙarya cikin waƙata ba:
jiya na ja guda, bayan janareto,
da wutar Kwabena, rabi na kai na take.
Amma ashanar Baba tana nan, goma sha ɗaya,
a aljihun farar riga, saitin ƙirji,
tana kacau-kacau duk sa'ad da na sunkuya kan wani baki.

Ɗazu wani tela daga Sabon Zango ya zauna,
haƙori na yi masa zogi.
Na cike ta biyar, na cike ta shida.
Biro ya tsaya.
Na jawo kujera kusa da shi, na sauke takunkumi.