Taku Goma Sha Ɗaya

Ana busa begila ina Gada Biyu,
Hannu cikin aljihu, sanyin Jos na cizo.
Mai gadi ya san fuskata, amma sai ya duba kati,
Bariki ba ya sabo, haka aka ce da ni tun zuwa.

Ɗakinmu na ƙarshen baranda, bayan na allura:
Gado huɗu, keke ɗaya mai kukan tsatsa,
Ƙarfe biyu a jere, tsawonsu taku goma sha ɗaya.
Nakan dafa ruwan gashi kafin Madam Kaneng ta iso,
Ita ke rubuta abin yi, ni ke aikatawa.

Ba ni da igiya ko ɗaya a hannun riga,
Amma a nan na ce wa Manjo, "Ɗaga!" ya ɗaga.
Na ce, "Saura biyar." Ya harare ni, ya ciji leɓe,
Ya yi biyar ɗin, gumi na tsiyayowa.

Saje Dalyop, shekara goma sha tara yana horon kurata,
Muryarsa, an ce, har Miango ana ji.
Hagu, dama, hagu, dama.
Nakiya ta ɗauke hagun a wata hanya da bai faɗi sunanta ba,
Ya dawo da dama ita kaɗai, ba ya ko son gaisawa.

Rannan ya ce, "Mudi, babban yatsana na ƙaiƙayi."
Na kama na dama. Ya ce, "Ba wannan ba."
Muka dubi zanen gado, inda babu komai.
Sai na sa hannu na sosa wurin a hankali,
Ya lumshe ido, ya ce, "Ƙasa kaɗan. Yawwa."

Kofur Sabi'u, gwiwarsa ta ƙage bayan tiyata.
Madam na aunawa, tana rubuta lamba,
Shi ba ruwansa da lamba, tambayarsa ɗaya:
"Yaushe goshina zai taɓa ƙasa?"
Wata huɗu yana salla a kujera kamar tsoho.
Ina lanƙwasawa yana salati, wani sa'in yana zagi,
In mun gama ya miƙo ɓarin goro, muna darawa.

Ran da ya yi sujada a tabarmar atisaye,
Ba alwala, ba alƙibla, gwaji ne kawai,
Ya daɗe bai ɗago ba. Dalyop ya tafa daga gado,
Madam ta juya tana neman biron da ke hannunta,
Ni ina sake ninke tawul ɗin da na gama ninkewa.

Mako uku, takarda ta fito:
Ya warke, ya koma bakin daga.
Wannan ba a koya mana shi a makaranta ba,
Ka gyara ƙafa da hannunka, ta koma inda aka karya ta.
Lambarsa na wayata. Ina tsoron bugawa.

Ƙafar roba ta iso ran Laraba,
Ta fi Saje haske. Ya ce, "Rabina ya zama Bature."
Matarsa ta kawo gwate a kula, ta tsaya bakin taga.
Na ɗaura masa bel a ƙugu, na riƙe ta baya,
Na buɗe baki zan ƙirga, ya ce, "Bari, yaro,
Wannan aikina ne." Ya ja numfashi, ya daka tsawa.

"Hagu!" Robar ta ja ƙasa, ta sauka.
"Dama!" Har masu jiran allura suka leƙo.
A na bakwai ya faɗo kaina, muka zube tare,
Nauyinsa buhun dankali biyu, yana haki.
"Gobe takwas," ya ce, kafin a zo ɗagawa.

Yamma na kashe fitilar gashi, bayana na ciwo,
Hannuna na warin man zafi, sabulu bai fitar ba,
A mota wata mata ta toshe hanci, ta matsa.
Daga bakin titi zuwa ƙofarmu a Gangare
Ban taɓa sanin taku nawa ne ba,
Yau na tsinci bakina yana ƙirgawa.