Lambu Mai Lamba Goma Sha Ɗaya

A Ludlow, wata Asabar cikin Yuli,
aka ɗaura ƙyalle rawaya a ƙofata,
wai yau lambun kowa na kowa ne.
Fam biyar, a miƙa maka taswira,
ka bi gidajen mutane kana leƙa bayansu,
abin da a garinmu sai an tambayi ɗan gidan wa ne kai.

Lamba uku wardi ne har bisa katanga.
Lamba bakwai kududdufi, da jajayen kifaye
masu tumbi kamar 'yan kwangila.
Ni ce goma sha ɗaya.
Taku tara ne tsawonsa, na auna,
da ɗakin gilas na gwanjo mai ido ɗaya a fashe.

Akwai yakuwa, tana ɗari-ɗari da ƙasar mutane,
alayyafo da dodon-koɗi ya mayar rariya,
gauta uku da suka ƙi girma, suka ƙi mutuwa,
sai kuɓewa.
Irin Gwaggo Kande ne, ƙwaya goma sha biyu.
Tun Maris nake lallashi,
in taso aikin dare daga asibiti,
ban cire takalmi ba sai na gaishe ta.
Biyu suka tsiro.
Ɗaya ta ɗanɗani sanyin Mayu ta ce a kai kasuwa.

Yau da asuba,
asubar nan mai sammako kamar mai bin bashi,
ɗayar ta buɗe fure.

Suka shigo da malafuna da sanduna,
suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu dubiya.
Wata ta durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara,
ta ce wannan furen mai jan zuciya, ya sunansa?
Na ce ba don kallo muke shuka shi ba,
ɗansa muke jira, mu kaɗa miya.
Ta dube ni kamar na ce zan yanka ɗawisu.

Da azahar gari ya gangara filin bayan coci.
Rumfar cuku, rumfar zuma, ruwan tuffa a tulun gilas,
wainar nama mai ɓawo, da ban taɓa ba sai na tambaya.
Ni da teburin aro da bokitin zoɓo,
citta ta ji, kanumfari ya ji.
Yaro ya kurɓa ya yi tari, ya dawo da kofi biyu.

Can sai ga Wilfred, mai lamba huɗu,
wanda shekara biyu gaisuwarmu ɗaga gira ce.
Ya tsinki ganyen yakuwar da na ƙawata tebur da shi,
ya tauna, ya daɗe bai haɗiye ba.
Ya ce Maureen kan tsinko mai tsami irin wannan
a bakin kogin Teme, kafin ƙafa ta ƙi,
kafin sauran ma su ƙi.
Ban ce komai ba, na ƙara masa zoɓo.

Sai ruwa ya sauko, ba hadari ba sallama.
Aka kwashi cuku, aka kwashi jikoki,
tanti ya cika da dariya da warin jiƙaƙƙen kare.
Ni dai na tsaya.
'Yar manomi ba ta gudun abin da aka fita roƙo.

Ƙarfe tara da rabi, magariba ba ta da niyyar zuwa,
na tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙofa:
wake bakwai masu zanen hannu,
da rubutun mace da ya koɗe, watan shuka da zurfin rami.

Furen ya faɗi kafin in rufe ɗakin gilas.
A gurbinsa ɗan tsinke kore, bai kai farce ba.
Gwaggo za ta yi dariya har ta riƙe ciki:
Sahura, wata biyar, kuɓewa ɗaya?
Ba zan kaɗa ta ba, Gwaggo.
Zan bar ta ta bushe a jikin uwarta,
in fasa, in ƙirga,
rabi nawa, rabi na lamba huɗu.