Takalmin Asuba

Likita ta dubi takarda, ta dube ni,
ta ce, "Baba Tahiru, sukari ya yi gida a jininka.
Zan ba ka ƙwaya, amma rabin maganin yana kan titi."
Ni da shekara ashirin da shida ƙafata ba ta san wata tafiya ba
sai hawa da sauka a kan keken ɗinki,
tafiyar da ba ta kai kowa ko'ina.

Ranar Asabar na hau tirotiro daga Nima zuwa Kantamanto,
sidi ɗari uku a aljihun ciki,
na ɗinke bakinsa da zare biyu.

Rumfar Ofori tana bayan masu labule.
Takalma a rataye kamar bandar kifi,
kowanne ya taɓa zama na wani
a wata ƙasa da ban san sunan titunanta ba.
Na nuna wani ja, mai tudu a dunduniya.
Ya yi dariya: "Na 'yan tsere ne wannan, wata uku ya mutu.
Kullum za ka fita, ko sai ranar biki?"
Na nuna wani baƙi mai haƙora a tafi.
"Na dutse ne da laka. Kwalta za ta cinye masa haƙoran."

Sai ya ɗora mini guda a hannu,
ruwan toka, ba ado, igiyar ma ba tasa ba ce.
Na jinjina shi.
Bai kai ƙullin waken Hajiya Zuwera nauyi ba.
Na lanƙwasa, ya lanƙwasu daidai inda yatsu ke karyewa.
Na leƙa ciki, don sana'a ba ta barin mutum,
na bi ɗinkin da farce:
layi ɗaya, ba tsalle, ba ƙulli.
Ko wane ne ya yi wannan, ba ya gaggawar tashi aiki.

"Sa da safa," in ji Ofori.
"Bar faɗin babban yatsa a gaba,
ƙafa tana kumbura in ta yi nisa.
Kada ka saya don ido. Ido ba ya taka ƙasa."

Na gwada shi tsakanin rumfuna,
daga mai bel zuwa mai jaka, in juyo.
Wata 'yar dako da tasa a ka ta tsaya tana kallon
dattijo da jallabiya yana sassarfa a tsakar kasuwa.
Dunduniya ba ta zame ba,
ƙaramin yatsa bai kai ƙara ba.
Ya ce ɗari uku da hamsin, na ce ɗari biyu,
muka ja, muka ja, muka tsaya a biyu da sittin.
Ya ƙara mini igiya,
na ɗauki alkawarin rage masa ƙugun wando.

Sahadatu ta juya shi a hannu, ta ce,
"Kuɗin gawayin wata ne fa za ka riƙa takawa."
Amma ita ta ajiye shi bakin ƙofa da dare,
baki yana duban waje.

Na idar da sallar asuba, na bi titin Kanda.
Masu koko suna hura wuta,
yaran mota suna kiran Sakul, Sakul.
Fitila ta ɗaya, ta biyu,
a ta biyar ƙirjina ya ce a tsaya.
Takalmin bai ce komai ba.

Da na zauna bakin kwata ina haki
na ga gefen hagu ya ɗan ci a dunduniya.
Mai shi na farko yana karkata hagu ke nan.
Ni dama nake karkata, keke ya saba mini.
To, mu je a haka.
Gobe fitila shida,
in gwiwa ta yarda.