Kuɗin Gudu

A Bayan Lepas, ƙarfe biyun dare,
ni kaɗai ce da faifai arba'in a ɗakin gwaji,
kowanne na juyi a cikin akwatinsa,
yana gunaguni kamar zuma a tulu.

Da rana Thevan ya bugi tebur:
"Juyi dubu bakwai da ɗari biyu a minti,
ko a fasa. Mai saye ba ya son jira."
Norliza ba ta ɗaga murya ba.
Takarda ta tura masa: ƙarin wat biyu,
batir ya mutu kafin jirgi ya sauka,
cinyar mai kwamfuta ta gasu.
Suka tashi baram-baram,
suka bar ni da awo.

To, ga abin da awon ya ce.
Ka ƙara gudu kaɗan, iskar ciki ta yi gardama,
ta ci wuta fiye da rabonta.
Ka ce wa allura ta zabura ta nemo bayani,
za ta zabura,
da ƙara, da zafi, da zuƙar wuta.
Ka lallaɓa ta, ta yi shiru,
mai jira kuma ya yi tsaki.
Ka sa faifan barci don tattali,
in an tashe shi sai ya yi miƙa daƙiƙa huɗu,
ya haɗiye a lokaci guda
rabin abin da barcin ya tara.

Wannan na san shi tun ban san faifai ba.
Babana, Teik Hock, shekara talatin da ɗaya
yana taka keken fasinja a George Town.
Ba ya tsayawa cak a mahaɗa,
yakan bar taya tana rarrafe.
"Tafiya ba ta cin ƙafa," in ji shi,
"tashi daga tsaye ne mai cin gwiwa."
Baƙo mai sauri kuwa, ninki yake biya,
don cinya ba ta bin bashi.

Na rubuta: a rage juyi in ba aiki,
kada a kashe shi sai an yi minti goma shiru.
Thevan zai ce na yi sanyi,
Norliza ta ce na yi ɓarna.

Ruwa ya sauko a kan kwano.
Faifai na goma sha bakwai ya fi sauran zafi,
na ɗora tafin hannu a kansa
kamar yadda nake taɓa gwiwar Baba
in na koma gida da asuba.