Rile Mai Kunne

A Mando, bayan layin masu kaji,
Hajiya Kande ta kira ni da asuba.
Ƙwai ɗari huɗu a injin ƙyanƙyasa,
zafi ya haura, ba wanda ya taɓa.
Kwana goma sha tara ana juya su,
ba wanda ya fasa ɓawo, ko ɗaya.

Rilen nan ba irin na da ba ne
mai ƙwas-ƙwas kamar tsako na saran ɓawo.
Wannan baƙi ne, shiru, kamar guntun sabulu,
ba ya motsi, ba ya tari,
ɗan haske a cikinsa ke ba wuta hanya.

Na ɗora mita da rana, ƙalau yake.
Duk da haka na sa sabo daga Panteka,
na karɓi ladana na kama gabana.
Kwana biyu, ga muryarta a waya:
"Barau, ko dai aljanu ne a ɗakin,
ko kuwa kai ne ba ka iya."

Sai na kwana can, kan buhun dusa.
Ƙarfe ɗaya. Sauro. Warin kashin kaji.
Bayan katanga Bitrus mai gadi
ya danna oba-obarsa:
"Ƙofa ta biyu, kuna ji na?"
Jar fitilar rile ta buɗe ido,
hita ta ɗau zafi, ba umarnin kowa.
Ya saki, ta mutu. Ya danna, ta farka.
Ni kaɗai cikin duhu ina dariya.

Dariyar ba ta je ko'ina ba.
Wayar da ta taho daga ma'aunin zafi,
kamu shida, sako-sako a jikin bango,
ni na ja ta bara da hannuna,
ita ce ta miƙe ta zama eriya.
Zancen da ba da shi ake ba
ya tsinta a iska, ya zaci nasa ne,
ya bi shi da zuciya ɗaya.

Na datse tsawonta.
Na tufke biyun kamar igiyar guga,
na zura musu zoben baƙin ƙarfe,
na liƙa kafasta, ba ta fi ƙwayar wake ba,
na rufe duka a akwatin kwano,
na kafa turke a ƙasa mai laima
don hayaniyar ta sami inda za ta kwanta.
Na leƙa katanga: "Bitrus, yi ta kira."
Ya kira ƙofa ta biyu, ya kira ta uku,
har ya gaida matarsa a Kawo.
Rile ya yi kunnen uwar shegu,
fitila ba ta ko ƙifta ba, lafiya.

Da safe na faɗa wa Kande wayar wa ce.
Ta dube ni, ta dubi injin,
ta lissafa ƙwai ɗari huɗu a kaina.
Sati uku bayan nan ta kira,
ba sallama, ba magana,
kukan tsaki kawai ta kara mini a waya.